Yana Wurin Amma Bai Gani Ba: Shari'ar Ɗan Sanda Kenny Conley

Da misalin ƙarfe biyu na dare, wayewar garin 25 ga Janairu, 1995, aka bindige wani mutum a wani gidan cin abinci da ke unguwar Grove Hall a birnin Boston na Amurka. Mutum huɗu suka faɗa wata mota ƙirar Lexus suka ranta a na kare. Saƙon farko da ya fita ta oba-oba ya zo da kuskure, domin cewa aka yi ɗan sanda aka harba. Nan da nan motocin 'yan sanda suka yi ca daga kowace kusurwa ta birnin, kowa jininsa na tafasa. An yi ta tsere na kusan kilomita 16, har motar ta faɗa wani titi da ba ya ɓullewa mai suna Woodruff Way, a unguwar Mattapan. Mutanen huɗu suka ɓalle ƙofofi, kowa ya kama gabansa.

Motar da ke kan gaba wajen bin su tana ɗauke da Michael Cox, ɗan sandan farin kaya, baƙar fata, daga sashen yaƙi da 'yan daba. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da ƙanƙara ke kwanciya a ƙasa, don haka yana sanye da wandon jins da riga mai hula da ƙatuwar rigar sanyi, shigar da ba ta da maraba da ta samarin unguwa. Aikin nasa sai da irin wannan shiga. Ya dira daga mota ya bi ɗaya daga cikinsu, Robert Brown, wanda ya nufi wani shingen waya. Brown ya haye, Cox ya kai hannu ya cafko shi amma ya kuɓuce. Yana shirin hawa ke nan sai ya ji an maka masa wani abu a ƙeya. Ya zube, aka rufe shi da naushi da ƙafa. Abokan aikinsa ne, sun ɗauka ɗaya daga cikin maharan suka kama. Da aka gane ko wane ne, dukan ya tsaya, amma waɗanda suka yi aika-aikar ba su tsaya sun ɗaga shi ba. Suka watse suka bar shi cikin jini. Ya ji ciwo a ka da fuska, ƙodarsa ta taɓu, ya shafe kusan wata shida bai koma aiki ba. Abin da aka fara rubutawa a rahoto shi ne wai santsin ƙanƙara ne ya kwashe shi.

A cikin waɗanda suka iso wurin a daidai wannan lokaci akwai wani matashin ɗan sanda farar fata, dogo, mai suna Kenneth Conley, ana kiransa Kenny, ɗan unguwar South Boston. Shi ma ya hango Brown yana haura shinge. Ya bi shi, ya tsallaka, ya yi ta bin sa cikin duhu har ya cim masa ya sa masa ankwa. Ba a taɓa zargin Conley a kotun laifuka da cewa ya ɗora wa Cox hannu ba. Shi ne ma ya yi aikin da ya kawo su wurin.

An shafe fiye da shekara biyu binciken cikin gida bai haifar da komai ba. 'Yan sanda da dama sun kasance a wannan ɗan ƙurmusushin titi, amma kowa ya ce bai ga komai ba. A 1997 masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya suka shigo, suka fara kiran su ɗaya bayan ɗaya gaban wani kwamitin 'yan ƙasa da ke sauraron shaida kafin a yanke ko za a gurfanar da wani. Da aka zo kan Conley, ya yi abin da sauran ba su yi ba: ya amsa cewa ƙwarai yana wurin shingen, kuma ya haura shi 'yan daƙiƙu bayan Brown. Aka tambaye shi ko ya ga wani ɗan sandan farin kaya yana bin Brown har ya kama shi a jikin waya. Ya ce bai gani ba. Aka tambaye shi ko ya ga ana dukan wani. Ya ce bai gani ba. Sai mai gabatar da ƙara ya jefo tambayar da ta kayar da shi: in da abin ya faru kamar yadda aka bayyana, da ka gani? Conley ya ce yana jin da ya gani.

Da wannan amsa ya ɗaure kansa. Cox ya ce yana bayan Brown a jikin shingen. Brown ya ce haka aka yi. Wani ɗan sanda mai suna Richard Walker ya ce ya ga Cox yana bin Brown zuwa wurin. To, in Cox yana wurin, Conley ma da bakinsa ya ce yana wurin, kuma ya yarda cewa da abin ya faru da ya gani, me ya rage? Lissafin ya fito da kansa: ƙarya yake yi don ya rufa wa 'yan uwansa asiri. A 1998 aka same shi da laifin shaidar zur da kawo wa shari'a cikas, aka yanke masa ɗaurin wata 34, ya kuma rasa aikinsa. Akwai wani abu a cikin hukuncin da ba kasafai ake ambatonsa ba. Masu yanke hukuncin sun wanke shi daga tuhumar cewa ya ga dukan ya ɓoye. Abin da suka kama shi da shi shi ne musun da ya yi na ganin Cox yana bin Brown. Wato dai an yanke wa mutum ɗauri kan cewa wani ya gifta gaban idonsa, shi kuma ya ce bai gan shi ba.

Duk wanda ke cikin wannan kotu, daga lauyan gwamnati har masu yanke hukunci har shi wanda ake tuhuma, sun tafi a kan abu guda ba tare da wani ya tsaya ya tuhume shi ba: in ido a buɗe yake, kuma abu yana gabansa, to an gan shi. Mu ma haka muke ɗauka. Muna cewa gani ya kori ji, muna fifita ganau a kan jiyau, kuma da gaskiyarmu a mafi yawan lokuta. Amma bakin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Wannan magana ta biyu ce babu wanda ya kawo ta kotun Boston.

Goggon biri a tsakiyar fili

A daidai lokacin da ake wannan shari'a, a tsallaken kogin Charles, a Jami'ar Harvard, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, suna haɗa wani gajeren bidiyo da ɗalibansu. Mutum shida ne, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, kowane rukuni na jefa wa juna ƙwallon kwando suna zagayawa. Ana ce wa mai kallo ya ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka sai wata ɗaliba sanye da kayan goggon biri, daga kai har ƙafa, ta ratso tsakiyarsu. A ɗaya daga cikin bidiyoyin har tsayawa take yi ta fuskanci kyamara ta bugi ƙirji, sannan ta fice, kusan daƙiƙa 9 tana cikin hoton. Bayan an gama sai a tambayi mutum adadin da ya ƙirga, sannan a ce masa ko ya lura da wani abu daban. Kusan rabin mutanen ba su ga birin ba. An buga sakamakon a 1999.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda mutanen suke yi idan aka maimaita musu bidiyon. Sukan riƙe baki, wasu ma su ce an canja musu faifai ne, domin ba yadda za a yi irin wannan abu ya wuce su. Ka ga amsar Conley ke nan sak, "da na gani", daga bakin mutanen da ba su da wani abokin aiki da za su kare. Daga baya wani mai bincike a Jamus, Daniel Memmert, ya yi amfani da na'urar da ke bin inda ƙwayar ido ta sauka, ya tarar waɗanda suka ce ba su ga birin ba idonsu ya sauka a kansa na kusan daƙiƙa guda, daidai da na waɗanda suka gan shi. Hasken ya shiga ido, saƙon ya tafi, amma bai isa inda mutum zai san ya ga wani abu ba.

Simons da Chabris ba su ne farau ba. Tun shekarun 1970 Ulric Neisser ya yi irin wannan gwaji da wata mata riƙe da laima tana ratsa 'yan wasa, kuma a shekarun 1990 Arien Mack da Irvin Rock suka raɗa wa abin sunan da ake kiransa da shi yau, wanda a Hausa za mu iya cewa makantar rashin lura. In ma aka koma baya sosai, Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya rarrabe tsakanin kallon wucewa da kallon ƙurilla, ya kuma nuna cewa gane abu yana buƙatar ƙwaƙwalwa ta gwada shi da abin da ta riga ta sani.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci idon kansa. Miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsanka. Faɗin wannan farce, shi ne kusan iyakar wurin da idonka ke gani tar a lokaci guda, domin ɗan ƙaramin gurbi ne a tsakiyar bayan ido ke da wannan kaifi. Gwada ka kafe ido kan kalma ɗaya a wannan layi, ka yi ƙoƙarin karanta ta biyar daga gare ta ba tare da ka motsa ido ba, za ka ji yadda take narkewa. Abin da ke rufe mana wannan gibi shi ne ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle kusan sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke guntayen ta ba mu hoto guda mai kama da cikakke. A kowane ido ma akwai wani ɗigo da ba ya ganin komai sam, inda jijiyar gani ta fita, amma ba wanda ke yawo yana ganin rami a gabansa, saboda an cike masa wurin da abin da ke kewaye. Duniyar da muke jin muna kallo gaba ɗaya, kaɗan daga cikinta muke ɗauka, sauran ciko ne.

Sannan ga hankali, wanda shi ke zaɓen abin da za a ɗauka. In aka ce ka bi fararen riguna, ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ga bin fari kawai ba, har danne baƙi take yi don kada ya dame ta. Birin kuwa baƙi ne. Shi ya sa waɗanda aka ce su ƙirga jifan masu baƙaƙen riguna suka fi ganinsa nesa ba kusa ba. Wannan dannewa ita ce ke ba mahauci damar sarrafa wuƙa a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ita ke sa uwa ta tsinci kukan ɗanta cikin kukan yara goma. Kuɗin da ake biya shi ne abin da ba a sa rai da shi ba yana iya wucewa ba a sani ba, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa ta ce maka ka rasa wani abu. Abin da ka lura da shi kaɗai kake da labarinsa, shi ya sa kowa ke jin kamar ba abin da ke wuce shi. A wani binciken jin ra'ayi da Simons da Chabris suka sa aka yi a Amurka, fiye da kashi 75 cikin ɗari sun yarda cewa mutum zai lura da abin ba-zata da ya shigo gabansa ko da hankalinsa na kan wani abu.

Ni kaina na ɗanɗana wannan. Wata jajibirin sallah ƙaramin ɗana ya saki hannuna a kasuwa, yana sanye da jar hula. Na yi ta kutsawa tsakanin rumfuna, ba abin da nake nema sai ja a daidai tsayin ƙugu. Na ga jan bokiti, na ga jan mayafi, na ga jar leda a hannun wata yarinya, duk na tuna su har yau. Allah Ya sa na same shi wajen masu sayar da balan-balan. Bayan kwana biyu na je gaida kawuna, na tarar fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Ɗana, ka dube ni ido cikin ido a layin 'yan atamfa, na ɗaga maka hannu, ka wuce." Na ce, "Wallahi Kawu ban gan ka ba." Ya yi shiru, ya ce ba komai, amma na san bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya ga idona a kansa. Zumunci nawa ne ya yi sanyi a kan "ya gan ni ya ɗauke kai"? Haka direban da ya kaɗe mai babur a mahaɗa yake rantsuwa cewa ya duba bai ga kowa ba, jama'a su ce ƙarya yake. Wani lokaci ƙaryar ce. Wani lokaci kuwa ya duba ɗin, mota yake nema, babur bai shiga lissafinsa ba.

Ƙwarewa ma ba ta tsare mutum. A 2013 wasu masu bincike a Boston, Trafton Drew da Melissa Võ da Jeremy Wolfe, suka ba likitocin duba hoto 24 hotunan huhu su nemo ƙananan ƙulluttai masu nuna alamar ciwon daji. A cikin hotunan ƙarshe suka saka hoton goggon biri wanda ya ninka irin ƙullutun da ake nema sau 48. Likitoci 20 ba su gan shi ba, alhali na'ura ta nuna yawancinsu sun kalli daidai wurin.

An fita da gwajin waje

Mai musu zai iya cewa kallon bidiyo a ɗaki daban, gudu a titi daban, kuma mutum sanye da kayan biri ba ɗaya yake da mutumin da ake duka ba. Chabris da Simons sun san da wannan, don haka suka kwaikwayi daren na Boston gwargwadon iko a harabar kwalejin Union da ke Schenectady a jihar New York, suka buga sakamakon a 2011. Ana sa mutum ya bi wani mai gudu a tazarar kusan mita 9, tsawon hanya mita 400, yana ƙirga sau nawa na gaban ya taɓa kansa. A gefen hanya, kusan mita 8 daga inda za su wuce, an ajiye ɗalibai uku suna wasan faɗa, biyu na dukan ɗaya, da ihu da gurnani. Da dare, mutum 7 cikin 20 ne kaɗai suka lura da faɗan. Da rana tsaka, kashi 56 cikin ɗari. Da aka sauƙaƙa aikin, ba ƙirga, kashi 72 suka gani, da aka tsananta shi kuwa adadin ya sauko zuwa 42.

A lura, waɗannan ɗalibai ne da ke sassarfa cikin kwanciyar hankali a makarantarsu. Ba wanda ya ce musu na gabansu ya kashe mutum, ba wanda ke tsoron za a juyo a harbe shi. Conley kuwa yana bin wanda yake zaton yana ɗauke da bindiga, cikin duhu, ga jiniya, ga fitilu na walƙiya, idonsa na kan hannun Brown da inda zai dira. In aka ce a cikin wannan hali wani mutum mai baƙaƙen kaya a jikin shinge bai shiga hankalinsa ba, ban ga abin mamaki a ciki ba.

Sai dai a nan ya kamata a taka a hankali, kuma su masu binciken ma sun faɗi haka. Gwajin bai tabbatar da cewa Conley bai ga Cox ba. Babu gwajin da zai iya komawa wannan dare ya leƙa cikin kansa. Abin da ya rushe shi ne tsanin da aka taka aka kai ga hukunci, wato "yana wurin, saboda haka ya gani, saboda haka ƙarya yake". Matakin tsakiya ruɓaɓɓe ne. Shari'ar laifi kuwa tana neman hujjar da ba ta bar shakka mai ma'ana ba, kuma idan mutum biyu cikin uku za su iya wuce faɗa da dare ba su sani ba, shakka ta samu wurin zama. A ganina ma amsarsa ta "da na gani" ta fi kama da ta mai gaskiya. Wanda ya shirya ƙarya ai hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce yana can wani gefe, kamar yadda da yawa suka nisanta kansu da wurin. Shi kuwa ya ajiye kansa a jikin shingen, ya kuma miƙa wa lauya igiyar da aka ɗaure shi da ita, saboda shi ma ya yi imani da idonsa kamar kowa.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, kuma ba na son a karanta wannan labari a manta da shi. Makanta iri uku ce ta haɗu a Woodruff Way, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce wadda ake jin ta sami Conley, ta wanda hankalinsa ya tattara wuri guda. Ta biyu ita ce ta waɗanda suka yi dukan. Su sun ga Cox sarai, amma abin da suka sa rai da shi suka gani: an ce musu baƙaƙen fata ne suka yi harbi, ga baƙar fata da riga mai hula a jikin shinge, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Tsammani yana saurin rigan ido yanke hukunci, kuma a Amurka, inda launin fata ya daɗe yana yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki, wannan tsammani ba daga sama ya faɗo ba. Kuskuren ganewa kuma ba ya wanke su, domin ko da wanda ake nema ne suka kama, ba su da izinin yi masa wannan duka. Ta uku ita ce ta waɗanda suka gani suka kuma sani, suka bar ɗan uwansu kwance, sannan suka yi gum shekara da shekaru. Wannan ba ruwanta da yadda ido ke aiki, rufa-rufa ce tsagwaronta. Zalunci ne a ɗauki binciken masana a yi mata mayafi da shi. Illarta ma har Conley ta shafa, domin a wurin da mutum da yawa suka ce "ban gani ba" da ƙarya, wanda ya faɗe ta da gaskiya ba mai saurarensa.

Yadda ta ƙare

Conley ya yi ta ɗaukaka ƙara, bai kai ga shiga gidan yari ba, amma ya shafe shekaru hukuncin na rataye a wuyansa. Wani ɗan jaridar Boston Globe, Dick Lehr, ya yi ta bin lamarin yana tono abin da aka binne. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da soke hukuncin, gwamnati kuma ta ce ba za ta sake gurfanar da shi ba. A 2006 ya koma bakin aiki, aka biya shi albashinsa na baya, kimanin dala 647,000.

Ba binciken goggon biri ne ya kuɓutar da shi ba. Abin da kotu ta dogara da shi shi ne masu gabatar da ƙara ba su miƙa wa lauyoyinsa wata takarda ta FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ba, wadda ta shafi Richard Walker, shaidan da ya ce ya ga Cox yana bin Brown. Takardar ta nuna Walker ya bayyana wa masu bincike shakku a kan abin da yake tunawa, cewa sanayya da ƙaunar da ke tsakaninsa da Cox na iya sa ya ji kamar ya ga abin da bai gani ba, har ya kawo shawarar a sa shi cikin irin barcin nan da ake sa mutum don a zaƙulo abin da ya manta, ko zai tuna daidai. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. An yanke wa mutum ɗaya ɗauri saboda an ƙi yarda cewa ana iya kallo ba a gani ba, da taimakon shaidar wani wanda shi kansa bai tabbata ko ya gani ko zuciyarsa ce ta zana masa ba. Tunawa ba ajiya ba ce da ake ɗaukowa yadda aka sa ta. Duk lokacin da aka tuno abu ana sake gina shi ne, kuma abin da aka ji daga baya da abin da ake so ya kasance sukan shiga cikin ginin.

Shi kuwa Michael Cox, bai bar aikin ba, duk da cewa bayan ya nemi haƙƙinsa an yi ta huda masa tayoyin mota ana kiran wayar gidansa ana tsoratar da shi. Ya shigar da ƙarar neman diyya, kuma a ƙarshen 1998 kotu ta ɗora alhaki a kan 'yan sanda uku, ta wanke Conley a wannan ƙara. Ya ci gaba da hawa muƙamai, a 2019 ya tafi ya shugabanci 'yan sandan birnin Ann Arbor a jihar Michigan. A watan Agustan 2022 magajiyar garin Boston, Michelle Wu, ta rantsar da shi a matsayin kwamishinan 'yan sandan birnin, shugaban rundunar da 'ya'yanta suka bar shi kwance a jikin shinge shekara 27 kafin nan. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kotun laifuka kan dukan da aka yi masa ba.